Malamin da anka sallama watan Oktoba, ina zai nufa?

 

Kowace shekara idan rantire ta matso, maganar da ta fi yawa bakinmu ita ce kuɗin makaranta, littattafai, tufafin yara, da azuzuwan zana da sai an jira kaka kafin a kafa su. Akwai wata magana da ba mu cika yi ba, alhali tana faruwa gabanmu duk shekara, musamman makarantu masu zaman kansu. Malami ya gama hutu, ya wanke rigarsa, ya zo taron malamai na farkon shekara, sai ya tarar sunansa ba ya cikin jerin. An ba wani ajinsa. Wani ma ba ya kaiwa ga taron, saƙo ne zai shigo mishi ta WhatsApp da dare: «Mushe, bana sai haƙuri, ba mu da wuri.» Wani kuwa tsakiyar shekara ne, ranar Litinin da safe, mai gadi zai tare shi bakin ƙofa ya ce dirakta ya ce kar ya shiga.

Ba mu ce kar a sallami malami ba. Wanda ya ɗauki mutum aiki yana da damar rabuwa da shi idan da dalili. Abin da muke magana a kai shi ne yaushe za a gaya mishi, kuma kwana nawa za a ba shi ya shirya. Ra'ayinmu shi ne wa'adin sallamar malami ya kamata a auna shi da shekarar makaranta. Wata guda da anka ba malami cikin Mayu da wata guda da anka ba shi cikin Oktoba, kwanakin ɗaya ne, amma na farko wa'adi ne, na biyu kuwa kusan hukuncin zaman shekara guda babu aiki.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don da yawa cikin malaman da masu makarantun ba su taɓa buɗe ta ba.

Malamin makaranta mai zaman kanta ma'aikaci ne kamar na kowane kamfani. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta shafe shi. Dokar ta ce idan kwantaragin aiki marar ƙayyadadden lokaci ne, duk wanda ke son raba gari, mai aikin ko ma'aikacin, sai ya sanar da ɗayan tun da wuri. Wannan sanarwar ita ce ƴan boko ke kira pireyabi, mu kuma mu ce wa'adin sallama. Yarjejeniyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta ranar 15 ga Disamba 1972 ta tsara tsawonsa a lokacinta kamar haka: kwana 8 ga wanda ake biya da awa ko da yini, wata guda ga mai albashin wata, wata 3 ga manyan ma'aikata. Cikin wa'adin ga mutum yana ci gaba da aikinsa, ana biyan shi cikakken albashi, kuma ana ba shi lokaci kowane sati ya fita neman wani aikin ba tare da an yanke mishi ko dala ba. Idan mai aikin ya ce shi ba ya son ganin mutumin ko na kwana ɗaya, to sai ya biya shi kuɗin wa'adin a dunƙule. Akwai abin da ke ɗauke wa'adi: babban laifi. Shi ma ba mai makaranta ke da maganar ƙarshe ba, idan an kai ƙara kotu ce ke duba ko laifin ya kai babba.

Bayan wa'adi akwai kuɗin sallama ga wanda ya cika aƙalla shekara guda yana aiki. Yarjejeniyar 1972 ta tsara shi a lokacinta kamar haka: kashi 20 cikin 100 na albashin wata ga kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, kashi 30 daga shekara ta 6 zuwa ta 10, kashi 35 daga nan zuwa sama. Mu yi lissafi tare bisa wannan tsarin na 1972. A ce malama ce mai albashin jikka 60, ta yi shekara 6 makaranta ɗaya da kwantaragi marar iyaka, anka sallame ta ba laifi ba sanarwa. Kuɗin wa'adi jikka 60. Shekaru 5 na farko, jikka 12 sau 5, jikka 60 ke nan. Shekara ta 6, jikka 18. Duka jikka 138, ban da albashin kwanakin da ta yi aiki da haƙƙin hutunta. Kuma dole a ba ta takardar shaidar aiki. Ku tambayi kanku, cikin malaman da kunka sani anka sallama, nawa ne sunka fita da wannan a hannu?

Kuma wagga magana ba Nijar kaɗai ta ƙirƙiro ta ba. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya tana da yarjejeniya mai lamba 158 ta shekarar 1982 kan sallamar ma'aikata, Nijar ta amince da ita tun 1985. Abin da ke ciki a taƙaice: ba a korar mutum sai da dalili karɓaɓɓe, idan laifi ake zargin shi da shi sai an ba shi dama ya kare kansa, kuma yana da haƙƙin wa'adi mai ma'ana ko kuɗi a madadinsa. Wa'adi mai ma'ana. Nan ne maganarmu take.

Wata guda yana iya isar direba, ko mai tsaron shago, ko magini. Su kasuwar aikinsu tana ci kusan kowane wata. Direban da ya bar motar Alhaji yau zai iya samun wata mota kafin wata ya mutu. Malami fa? Kasuwarsa sau ɗaya take ci a shekara. Makarantu suna tsara malamansu cikin babban hutu, tsakanin Yuli da Satumba. Da an buɗe azuzuwa cikin Oktoba, kowane aji ya samu mai shi, kowane darasi an raba awowinsa. Wanda ya zo da takardunsa bayan nan, amsar da zai ji ita ce «ka makara, sai baɗi». Saboda haka malamin da anka gaya wa ranar 1 ga Oktoba, ko da an bi doka an ƙirga mishi kwana 30 cif, ranar 1 ga Nuwamba zai fito ya tarar kasuwa ta watse.

Ga kuma wani abu da duk ɗan ƙasar nan ya sani. Yawancin malamanmu ɗiyan manoma ne, da yawa suna da gonar gado a ƙauye. Shibka a yankinmu tsakanin Yuni da Yuli take, girbi Satumba zuwa Oktoba. Malamin da ya san tun watan Mayu cewa baɗi ba shi da aji, zai iya komawa gida ya kama gona da gaske, ya ƙara fili, ya sa hatsi da wake, ya samu na ci har ya samu na saidawa. Wanda anka bari da tsammani har damina ta wuce, shi ya yi asarar biyu. Bai yi noma sosai ba don yana jiran rantire, rantire ta zo kuma ba shi ciki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai makarantar da ya san tun Yuni zai canza malami amma ya yi shiru har Oktoba, ya tilasta wa bawan Allah fafe gora bayan ayari ya tashi.

Kar mu manta yadda malami ke rayuwa cikin hutun. Makarantu masu zaman kansu da yawa wata 9 suke biya, Oktoba zuwa Yuni. Wata 3 na hutu malami da bashi yake cin su. Mai shagon unguwa yana ba shi shinkafa da mai don ya san Mushe zai koma aiki. Mai gidan haya yana ɗaga mishi ƙafa don wannan dalilin. Shi kansa ya riga ya yi wa nasa ɗiyan alkawarin makaranta. Duk waɗanga basussuka an ci su ne da sunan albashin ƙarshen Oktoba. Ranar da anka ce babu wuri, mai shago da mai gida su ma an sallame su ba su sani ba. A shekarar 2024, da ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, kowa ya ga yadda ƴan satuttuka kaɗai ke jijjiga gidan wanda albashinsa ke farawa ranar da anka buɗe aji. To ina ga wanda anka ce mishi ajin ma babu?

Akwai wata dabara da ya kamata mu kira ta da sunanta. Wasu makarantun kowace shekara sabon kwantaragi na wata 9 suke ba malami. Yuni ta ƙare, kwantaragi ya ƙare, babu wanda ya kori wani. Oktoba ta zo, in an ga dama a sake kiranka. Da haka mutum zai yi shekara 7, shekara 8 wuri ɗaya, amma bisa takarda kullum baƙo ne. Wasu ma babu takardar sam, magana ce ta baki: «Ka zo ka fara, za mu daidaita.» To malamai su sani, shi kwantaragi mai ƙayyadadden lokaci yana da nasa kariya. Ba a yanke shi kafin ranarsa sai da babban laifi, ko yardar ɓangarorin biyu, ko wani abin da ya fi ƙarfin kowa. Wanda ya yanke shi haka kawai cikin Fabrairu, akwai diyya a kansa. Rashin takarda kuma ba ya nufin babu kwantaragi. Mutumin da ke zuwa kullum, yana sa hannu cikin kayen darasi, ana biyan shi ƙarshen wata, ma'aikaci ne. Sai dai tabbatar da hakan gaban hukuma ya fi wuya idan ba ka riƙe komi ba.

Yanzu mu zo ga waɗanda ba a tambaya, wato yaran. Iyaye, wagga ta shafe mu kai tsaye. Ɗanka yana ajin da zai rubuta BEPC, ko ɗiyarka tana ajin ƙarshe za ta rubuta BAC. Malamin lissafi ya kai su tsakiyar tsarin karatu, ya san wanda ke ganewa da wuri, ya san wanda sai an maimaita mishi sau uku. Watan Maris sai a wayi gari ba shi. Sati biyu aji ba kowa, ko a ce wani malamin ya riƙa leƙawa. Sabon da za a kawo bai san inda anka tsaya ba, don wanda ya fita da fushi bai miƙa komi ba, ba a ma ba shi damar miƙawa ba. Sakamakon gwajin da yara sunka yi yana cikin jakarsa a gida. Jarrabawa kuwa ba ta jira, tsakanin Yuni da Yuli za a yi ta ko an gama ko ba a gama ba. Kuɗin shekara cikakke munka biya, amma karatun da ɗiyanmu sunka samu da giɓi a tsakiya. Wa'adin sallama, ban da amfanin da yake wa malami, shi ne lokacin da ake miƙa aji hannu da hannu.

Kuma yara suna kallo. Yaron da ya ga an tare malaminsa bakin ƙofa kamar ɓarawo, gobe da wane ido zai kalli wanda ya gaje shi? Muna kukan ɗiyan yanzu ba su girmama malamai, ga kuma darasin da muke ba su da kanmu.

Mun san masu makarantu suna da tasu magana, kuma ba duka ce ta banza ba. Mu saurare su.

Na farko suna cewa: mu kanmu ba mu san yawan ɗaliban da za mu samu ba sai Oktoba, iyaye ba su rajista da wuri, wasu ma sai an kori yaro sau biyu kafin su kawo kuɗi. Ta yaya za mu yi wa malami alkawarin aji tun Yuni? Gaskiya ne iyaye muna da laifi a nan. Amma makarantar da ta yi shekaru tana aiki ta san ajin da ke cika da wanda ke rawa. Idan aji biyu ne ake shakka a kansu, sai a kira malaman biyu tun Yuni a ce musu: wurinku bai tabbata ba, ku nemi wani, in an samu yara za mu kira ku. Wannan ma sanarwa ce, kuma ta fi shiru nesa ba kusa ba. Abin da bai dace ba shi ne a riƙe mutum da «in sha Allahu ba matsala» don kar wata makaranta ta ɗauke shi, sannan a sake shi lokacin da babu mai ɗauka. Kasadar sana'a ta mai sana'a ce. Shekarar da aji ya cika maƙil ba a raba ribar da malami, to shekarar da bai cika ba kar a aza mishi asarar shi kaɗai.

Na biyu suna cewa: idan ka gaya wa malami tun Mayu za ka rabu da shi, zai yi sakaci da aikin, ko ya ɓata maka suna wajen iyaye, ko ya janye maka ɗalibai. Yana faruwa. Amma maganinsa yana hannun mai makaranta: albashin ƙarshe, kuɗin sallama da takardar shaida mai kyau duk suna gaba, kuma malamin da ke neman wani wuri ya fi kowa buƙatar a yabe shi. Wanda anka wulaƙanta ba zato, shi ne wanda ba shi da sauran abin da zai rasa, shi ne zai zauna kowace fada yana ba da labarin makarantarka.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi: akwai malamin da bai kamata ya ƙara kwana ɗaya cikin aji ba. Wanda ke neman ɗalibai mata, wanda ya yi wa yaro dukan da ya raunata shi, wanda ke saida maki, wanda ya zo aji a buge. A nan babu gardama, kuma doka ma ta ɗauke wa'adi ga babban laifi. A fitar da shi daga aji nan take, abin da ya kai ga hukuma a kai shi. Sai dai ko shi a rubuta mishi laifinsa, a ji ta bakinsa. Abin da muke ƙi shi ne a mai da kowane saɓani babban laifi don a tsere wa biyan jikka 60. Malami ya tambayi albashinsa da ya makara, babban laifi. Ya ƙi ƙara wa ɗan wani mai kuɗi maki, babban laifi. Malama ta samu ciki, sai a nemo mata laifi, alhali doka ta kare mace mai ciki da mai jego. Idan anka saba da haka, ranar da mai laifin gaske ya bayyana, jama'a ba za su ƙara yarda da kalmar ba.

To, malamai, ku ma ku matso kusa, don igiyar ga bakinta biyu. Mun san malamin da ke karɓar albashi ranar 30, ranar 1 wayarsa a kashe. Ya samu aiki wata ƙungiya, ko sunansa ya fito cikin waɗanda gwamnati ta ɗauka, ko wata makaranta ta ƙara mishi jikka 10, ko ya bi ƴan uwa wajen haƙar zinariya. Ba wanda zai hana mutum neman abin da ya fi, albashin da ake ba ku mun san shi. Amma yara 50 da ka bari ba su yi maka komi ba. Wa'adin da doka ta aza wa mai makaranta, kai ma ta aza maka shi. Malamin da ke son a gaya mishi tun Mayu, shi ma ya faɗa tun Mayu idan ya san ba zai dawo ba. Idan tafiyar ta zo tsakiyar shekara ba yadda za a yi, to ka ba da watanka, ka miƙa kayen darasi da makin yara, ka zauna da wanda zai gaje ka ko na yini biyu ne. Duk malamin da ya gudu ba sallama, hujja ce ya ba masu makarantu su ci gaba da yi wa ƴan uwansa haka.

Gwamnati fa? Ita ce babbar mai ɗaukar malamai a ƙasar nan, kuma abin da babba ya yi shi ƙarami ke koyi. Malamin da ke cikakken ma'aikacin gwamnati, mai lambar aiki, yana da tasa doka daban, kafin a kore shi sai an bi ta kwamitin ladabtarwa. Amma tun ƙarshen shekarun 1990, da anka fara ɗaukar malaman sa-kai waɗanda daga baya sunka koma malaman kwantaragi, wani babban kaso na masu riƙe da alli a ƙauyukanmu ba su da wannan inuwar. Ba mu manta da 2017 ba, lokacin da ma'aikatar ilimin firamare ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawar tantancewa cikin watan Yuli, ƙungiyoyin malamai irin su SYNACEB sunka yi adawa da ita, daga baya anka soke kwantaragin dubban malamai. Har yau ana gardama a kai. Wasu na cewa an ceci yara daga hannun waɗanda ba su iya abin da suke koyarwa ba, wasu na cewa gwamnatin da ta ɗauke su ba horo ita ya kamata ta fara tuhumar kanta. Kowane ɓangare mutum yake, akwai abin lura: jarrabawar da anka yi cikin Yuli, duk wanda ta kayar labari ya iske shi bayan shibka ta wuce. Mutumin da ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauyen da ba ruwa ba wuta, ko da an tabbatar bai cancanci aji ba, ya cancanci a ba shi lokacin da zai san inda zai sa kansa. Duk wani tankaɗe da rairaya da za a sake yi nan gaba, a sa wannan cikin lissafi tun farko.

Mi muke nema ke nan? Abubuwa ne da ba su buƙatar miliyoyi.

A rubuta kwantaragi, kowa ya riƙe kofi ɗaya. A sa ranar farawa, ranar ƙarewa in akwai, albashi, da tsawon wa'adi.

A tsai da rana guda cikin shekara wadda kowa ya sani. Mu a ganinmu ƙarshen Mayu ya fi, in an matsa kar a wuce 30 ga Yuni. Kafin ranar nan makaranta ta gaya wa kowane malami a rubuce ko tana tare da shi baɗi, malami shi ma ya ba da tasa amsa a rubuce. Makarantar da ta bar ranar ta wuce ba ta ce komi ba, sannan ta zo Oktoba ta ce babu wuri, ta biya aƙalla albashin zangon farko.

Daga Oktoba zuwa Yuni kar a sallami malami sai da babban laifi. Idan dole ta sa, a bari zango ya ƙare, a haɗa wa'adin da hutun ƙarshen Disamba ko na wajen ƙarshen Maris, yadda sabon malami zai fara da sabon zango. Azuzuwan jarrabawa kuwa a yi iyakar ƙoƙari kar a taɓa su.

Ranar rabuwa a ba mutum haƙƙinsa da takardar shaidarsa tare, kar a ce ya je ya dawo har takalminsa ya ƙare.

Waɗanga sun wuce abin da doka ta tilasta, mun sani. Doka ƙasa ta shimfiɗa, ba ta hana a yi gini a kai ba. Ƙungiyoyin masu makarantu da ƙungiyoyin malamai suna iya zama su amince da su tsakaninsu, ma'aikatar ilimi kuma da ke ba da izinin buɗe makaranta tana iya tambayar kwantaragin malamai kamar yadda take tambayar takardun fili da na gini. Makarantar da ta fara yin haka da kanta ba za ta yi asara ba, don malamai na ƙwarai suna gaya wa juna inda ake mutunta mutum.

Malamin da abin ya riga ya same shi, ga shawara. Kar ka yi faɗa bakin ƙofa, kar ka zagi kowa a Facebook, don za a iya juya shi ya zama laifin da da babu shi. Ka nemi a ba ka sallamar a rubuce da dalilinta. Kar ka sa hannu kan takardar da ba ka karanta ba, musamman wadda ke cewa kai ka ajiye aiki da kanka, ko ka karɓi dukan haƙƙinka. Ka adana duk abin da ke nuna ka yi aiki wurin: takardun albashi, jadawalin darasi mai sunanka, saƙonnin waya, lambarka ta CNSS in an yi maka rajista. Sannan ka nufi biron sufetan ƙwadago na jiharka. Aikinsa na farko sulhu ne, zai kira ku ku biyu ya zaunar da ku, in ba a daidaita ba sai magana ta wuce kotun ƙwadago. Da yawa suna jin nauyin zuwa, suna cewa mai makarantar ɗan unguwa ne, ko surukin wane ne, gara a bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma neman haƙƙi ta hanyar da hukuma ta tsara ba rashin kunya ba ne, kuma kowane malamin da ya yi shiru ya sauƙaƙa a yi wa na bayansa.

Mu kuma iyaye, muna da ƙarfin da ba mu amfani da shi. Ranar rajista muna tambayar kuɗi, muna tambayar yawan waɗanda sunka ci jarrabawa bara. Mu ƙara tambaya ɗaya: malaman bara nawa ne sunka dawo bana? Makarantar da kowace shekara sabbin fuskoki ne, akwai abin da ke korar su, kuma ɗiyanmu ne ke biyan kuɗin. Ƙungiyar iyayen yara da kwamitin kula da makaranta ba don tara kuɗin alli da gyaran rumfa kaɗai anka kafa su ba. Idan malami ya ɓace tsakiyar shekara, haƙƙinmu ne mu je mu tambayi dalili cikin ladabi, mu kuma tambayi wa zai riƙe ajin daga gobe. Sannan mu biya kuɗin makaranta kan lokaci, don mai makarantar da ke bin mu bashin zango biyu, da wuya mu iya ɗaga murya gabansa kan haƙƙin malami.

Ranar 5 ga Oktoba ta kowace shekara duniya ke bikin ranar malamai, tunawa da shawarwarin da UNESCO da ƙungiyar ƙwadago ta duniya sunka amince da su kan matsayin malami a 1966. A ƙasarmu ranar tana faɗowa daidai lokacin komawa makaranta. Za a yi jawabai, za a ce malami ginshiƙin al'umma ne. A satin nan kuma wasu malaman suna zaune gida da takardunsu cikin leda, suna lissafin wa za su fara ba haƙuri, mai shago ko mai gidan haya. Da an gaya musu tun Mayu, da yanzu wani yana sabon aji, wani yana ɗaure damman hatsinsa.

Masu makarantu, malamai, iyaye, muna jiran ra'ayoyinku, kowa ya faɗi yadda abin yake garinsu, amma don Allah ban da kiran sunan mutum ko na makaranta. Allah Ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, Ya sa mu gama lafiya da waɗanda ke koya musu.